Lokacin fara balaga a tsakanin yara maza na ƙasar Tailan

Lokacin fara balaga a tsakanin yara maza na ƙasar Tailan batu ne da likitocin yara na ƙasar suke bibiya, musamman tun da aka lura cewa 'yan mata a ƙasashe da dama suna fara balaga da wuri fiye da yadda iyayensu mata suka fara. Wani bincike da aka yi a birnin Hat Yai na kudancin ƙasar tsakanin 2011 da 2012 ya nuna cewa rabin yara maza 'yan makaranta sun shiga matakin farko na balaga suna da shekara 10.6, wato kimanin shekara goma da wata bakwai. Wannan adadi ya yi ƙasa da shekara guda cur a kan wanda littattafan likitanci suka dogara da shi tun 1970. Sai dai idan aka kwatanta yaran Tailan da 'yan uwansu na shekarun baya a cikin ƙasar, sauyin bai wuce 'yan watanni ba, kuma auna shi a jikin yaro namiji ya fi wuya ƙwarai a kan auna shi a jikin yarinya.

Abin da ake nufi da fara balaga

A maganar yau da kullum, idan aka ce yaro ya balaga, ana nufin ya fara mafarki, ko gashin mara ya fito masa, ko muryarsa ta buɗe. Likitoci kuwa suna fara lissafi tun kafin a kai nan. A wurinsu alamar farko ita ce girman 'ya'yan maraina, abin da shi kansa yaron bai cika lura da shi ba, balle iyayensa. Saboda haka adadin shekara 10.6 yana nuna mafarin tafiyar ne. Tafiyar kanta takan ɗauki shekara uku zuwa huɗu kafin ta kammala.

Umarnin farawa daga ƙwaƙwalwa yake fitowa. Wani sashe nata da ake kira haifotalamus yakan soma sakin sinadarin GnRH kaɗan-kaɗan, da farko cikin dare lokacin barci. Wannan sinadari yana zaburar da wani ɗan ƙullin nama da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai suna fituwitari, shi kuma ya saki sinadarai biyu, LH da FSH, cikin jini. Idan suka isa maraina, LH yakan sa a soma samar da sinadarin testosteron, FSH kuma ya taimaka wajen girman jijiyoyin da maniyyi ke samuwa a cikinsu. Daga nan sauran alamomi suke biyo baya: gashin mara, girman mazakuta, ƙurajen fuska, gashin hammata, buɗewar murya da tsiron gashin baki. Saurin tsawo yana zuwa ne a tsakiyar balagar namiji, kimanin shekara biyu bayan na mace. Shi ya sa a ajin ƙarshe na firamare ake yawan ganin 'yan mata sun ɗara maza tsawo.

Yadda ake awon

Ma'aunin da duniya take amfani da shi ya samo asali ne daga aikin likitan yara ɗan Ingila James Tanner da abokin aikinsa W. A. Marshall. Sun kasa balaga mataki biyar, daga na ɗaya, wanda yake yarinta ce zalla, zuwa na biyar, wanda jiki ya kammala. Sakamakonsu kan yara maza ya fito a 1970, kuma ya nuna cewa ana shiga mataki na biyu ne a shekara 11.6. Yara 228 suka bibiya, mazauna wani gidan renon yara a garin Harpenden, yawancinsu 'ya'yan marasa galihu, kuma da hotunan da ake ɗaukar yaran lokaci-lokaci aka yanke hukunci. Hoto ba ya nuna gashin farko mai laushi, kuma su kansu masu binciken sun amince cewa adadin da suka samu na fitowar gashin mara ya yi sama da yadda ya kamata. Duk da haka, da waɗannan alƙaluma aka yi ta kwatanta yaran nahiyoyi daban-daban har shekaru da dama.

Hanya ta biyu ta fi wannan tabbas. A 1966 likita Andrea Prader na birnin Zurich a Suwizalan ya ƙirƙiro wani ma'auni mai kama da carbi, ana ce masa okidomita. Ƙwayoyi goma sha biyu ne masu siffar ƙwai a jere a zare, ƙaramar cikinsu mililita 1, babbar mililita 25. Likita yakan taɓa marainan yaro ya kwatanta da ƙwayar da ta yi daidai da shi. Idan girman ya kai mililita 4, an ɗauka balaga ta fara, ko da yake wasu masu bincike suna farawa daga abin da ya haura mililita 3.

Bambancin hanyoyin nan ba ƙaramin abu ba ne, kuma wani bincike na Amurka da aka buga a 2012 ya nuna hakan ƙarara. An duba yara maza fiye da 4,000 a asibitocin yara. Da aka yi amfani da duban ido bisa matakan Tanner, fararen fata sun shiga mataki na biyu a shekara 10.14, baƙaƙen fata a 9.14. Da aka koma ga ma'aunin mililita 4 kuwa, sai adadin ya tashi zuwa 11.46 ga fararen fata da 11.75 ga baƙaƙe. Yaran ba su canja ba, ma'auni ne ya canja, amma ga tazarar sama da shekara guda, ga kuma jerin waɗanda suka riga ya juye. Duk wanda zai karanta alƙaluman Tailan ko na wata ƙasa, sai ya fara tambayar da me aka yi awon.

Ga 'yan mata akwai sauƙi, domin ranar fara jinin al'ada rana ce da mace takan tuna ko bayan shekaru masu yawa, kuma akwai bayananta a Turai tun ƙarni na 19. Namiji ba shi da rana irin wannan. Mafarkin farko ba abu ne da yaro zai faɗa wa baƙo cikin sauƙi ba, awon maraina kuma yana buƙatar yardar iyaye da ta yaron, da ɗaki keɓantacce, da likitan da ya ƙware. Yaran da suka fi jin kunya, waɗanda sau da yawa su ne jikinsu ya fara sauyawa, suna iya ƙin shiga binciken, hakan kuma yana karkatar da sakamako. Saboda ƙarancin bayanai, masana tarihi har kundin mawaƙan coci suka tono. Bayanan ƙungiyar yara mawaƙa ta birnin Leipzig a Jamus, zamanin da Johann Sebastian Bach yake jagorantarta a ƙarni na 18, sun nuna cewa murya takan buɗe ne a wajen shekara 17 zuwa 18. A Turai ta yau abin yana faruwa a wajen shekara 13 zuwa 14.

Alƙaluman Tailan

Hat Yai shi ne birni mafi girma a lardin Songkhla, kusa da iyakar Malesiya. Gari ne na kasuwanci, mazaunansa sun haɗa da mabiya addinin Buda, da 'yan asalin Sin, da Musulmi. A nan babban reshen Jami'ar Prince of Songkla yake, tare da asibitin koyarwarta. Likitar yara Somchit Jaruratanasirikul da abokan aikinta na wannan jami'a su suka duba yara maza 1,320 masu ƙoshin lafiya, 'yan shekara 6 zuwa 19, aka buga sakamakon a 2014. Sun samu cewa maraina suna kai mililita 4 a shekara 10.6, gashin mara kuma yana fitowa a shekara 12.0. Adadin da aka bayar shi ne na tsakiya, ma'ana shekarun da rabin yaran suka riga suka kai matakin, rabi ba su kai ba.

Masu binciken sun kwatanta wannan da wani bincike na baya a ƙasar wanda ya ba da shekara 10.8. Tazarar ba ta kai wata uku ba. Ta yi daidai da abin da ake gani a wasu ƙasashe, amma ita kaɗai ba ta isa hujja mai ƙarfi ba, domin tazara irin wannan tana iya fitowa daga bambancin makarantun da aka zaɓa ko hannun masu awo. Dukan binciken biyu kuma irin wanda ake duba yara sau ɗaya ne a wuce, ba a bi yaro guda daga yarinta har girma ba.

Abin da ya ƙarfafa zaton cewa sauyin na gaske ne shi ne sakamakon 'yan mata na wannan gari. A daidai wannan lokaci an duba 'yan mata sama da 2,000 a Hat Yai, aka samu suna fara ƙirgar dangi a shekara 9.6, jinin al'ada kuma a shekara 12.2. A binciken da aka yi a garin a 1994, adadin ya kasance 9.9 da 12.4. A nan gari ɗaya ne, jami'a ɗaya ce, kuma alamomin biyu duk sun matso gaba. Yara maza da mata na gida ɗaya tukunya ɗaya suke ci, don haka da wuya abin da ya taɓa 'yan mata ya tsallake 'yan uwansu maza gaba ɗaya.

Akwai kuma iyaka ga abin da Hat Yai zai iya wakilta. Yaran birni ne 'yan makaranta. Yaron ƙauye a yankin Isan na arewa maso gabas, wanda ya fi sauran yankuna talauci, ko ɗan ƙabilun kan duwatsu na arewa kusa da iyakar Myanmar, ba lalle ne jikinsa ya bi wannan lokaci ba.

Kwatanci da wasu ƙasashe

Adadin Hat Yai ya yi kusa da na biranen ƙasar Sin, inda wani babban bincike da aka buga a 2011 ya ba da shekara 10.55 da ma'aunin mililita 4. Arewacin Turai ya ɗan fi jinkiri. A birnin Kopenhagen na Denmak, an samu shekara 11.92 tsakanin 1991 da 1993, sannan 11.66 tsakanin 2006 da 2008, wato ragin kimanin wata uku cikin shekara goma sha biyar. A daidai wannan tsakani, 'yan matan birnin sun matso da ƙirgar dangi da shekara guda, daga 10.88 zuwa 9.86. A Suwidin an bi wata hanya daban, aka duba kundin awon tsawo na makarantu don gano shekarar da yaro ya fi saurin tsawo. Daga waɗanda aka haifa a 1947 zuwa na 1996, lokacin ya matso da kimanin wata ɗaya da rabi a kowace shekara goma. Abin da ake gani a Tailan bai saɓa wa wannan ba: maza suna matsowa, amma a hankali, kuma ba su kai mata ba.

Dalilan da ake dangantawa da sauyin

Babban abin da masana suka fi nunawa shi ne abinci, kuma tarihin Tailan na shekara arba'in da suka wuce ya dace da wannan bayani. A 1982 kimanin rabin yaran ƙasar da ba su kai shekarun shiga makaranta ba suna da wani mataki na rashin isasshen abinci mai gina jiki. A wannan shekara gwamnati ta fara shirin rage talauci a ƙarƙashin tsarin raya ƙasa na biyar, wanda ya gudana daga 1982 zuwa 1986. An horar da 'yan sa-kai na kiwon lafiya a ƙauyuka, suna auna nauyin yara suna koya wa iyaye mata yadda za su ciyar da su. Cikin shekara goma adadin ya sauko ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar. A 1992 aka kafa asusun abincin rana na makarantun firamare, aka kuma fara raba wa ɗalibai madara. Haihuwa ma ta ragu sosai, daga 'ya'ya shida ga mace guda a shekarun 1960 zuwa ƙasa da biyu tun shekarun 1990, abincin gida ya zama ana raba shi ga bakuna kaɗan. Jikin da ya samu isasshen abinci, kuma cututtuka ba su yawan kwantar da shi, yakan fara balaga da wuri. Ta wannan fuska, wani ɓangare na sauyin alama ce ta samun lafiya.

Bayan yunwa ta ja baya sai ƙiba ta shigo. Shagunan 7-Eleven, waɗanda suka fara buɗewa a ƙasar a 1989, yanzu sun haura dubu goma, kuma lemon kwalba da shayi mai zaƙi da kayan ƙwalama sun zama abincin yau da kullum ga ɗan makarantar birni. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta yi tare da UNICEF a 2019 ya nuna cewa kusan yaro ɗaya cikin goma na 'yan ƙasa da shekara biyar nauyinsa ya wuce kima, alhali kimanin kashi 13 cikin ɗari tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Matsalolin biyu suna tafiya tare a ƙasa ɗaya. A Satumban 2017 gwamnati ta sa haraji kan abubuwan sha gwargwadon sukarin da ke cikinsu.

Kitsen jiki yana samar da sinadarin leptin, wanda yake sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki ya tara abin da zai ɗauki nauyin girma. Ga 'yan mata alaƙar a bayyane take: yawan ƙiba yana tafiya da saurin balaga. Ga maza lamarin ya ɗan rikice. Masu binciken Kopenhagen sun ga cewa idan aka cire tasirin nauyin jiki daga lissafi, yawancin ragin nan na wata uku yana ɓacewa. Amma wani nazari na yaran Amurka da aka buga a 2016 ya nuna cewa masu ɗan ƙiba suna riga sauran farawa, masu ƙiba sosai kuma suna iya yin jinkiri. Ɗaya daga cikin bayanan da ake bayarwa shi ne kitse yana juya wani kaso na sinadarin maza ya koma na mata, wannan kuma yana iya rage wa ƙwaƙwalwa hanzari.

Ana kuma zargin sinadaran da ke shiga jiki daga robobi, kayan shafe-shafe da magungunan feshin gona, waɗanda wasunsu ke kwaikwayon sinadaran jiki. Tailan ƙasar noma ce mai yawan amfani da maganin feshi, kuma a watan Yunin 2020 ta haramta paraquat da chlorpyrifos saboda illarsu ga lafiya. Hujjar da ta haɗa irin waɗannan sinadarai da lokacin balagar yara maza ba ta kai ƙarfin hujjar abinci ba, kuma sakamakon nazarce-nazarcen yana saɓa wa juna.

Gado yana da babban rabo wajen bambanta yaro da yaro, har ma an gano ƙwayoyin halitta irin su MKRN3, wadda aka danganta da balagar wuri a cikin iyali a 2013. Amma gadon al'umma ba ya sauyawa cikin shekara ashirin, saboda haka ba shi ne ke bayyana sauyin da ake magana a kai ba.

Akwai wani ciwon gado da ya shafi Tailan musamman, wanda shi jinkiri yake kawowa. Talasemiya cuta ce ta jini, dangin sikila, kuma kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na mutanen ƙasar suna ɗauke da ƙwayar halittar wani nau'inta, abin ya fi yawa a arewa da arewa maso gabas. Yaron da cutar ta yi wa tsanani yana buƙatar ƙarin jini a kai a kai. Sinadarin ƙarfe da ke cikin jinin yakan taru a jikinsa, ya lalata fituwitari, balaga ta yi jinkiri ko ta ƙi zuwa sai da magani. Irin waɗannan yara ba sa cikin lissafin binciken makarantu, domin masu lafiya kawai ake ɗauka, amma sanannu ne a ɗakunan likitocin yara na ƙasar.

Tasiri a asibiti da makaranta

Ƙa'idar da likitoci suke bi a Tailan da sauran ƙasashe ita ce, yaro namiji da ya nuna alamar balaga kafin shekara 9 ya yi wuri, wanda kuma ya kai 14 ba alama ya yi jinkiri. An gina waɗannan iyakoki ne a kan tsofaffin alƙaluman Turai. Idan tsakiyar ta sauko zuwa 10.6, ana iya tambaya ko ya kamata a sauko da iyakar ƙasa ita ma, don kada a riƙa yi wa yara masu lafiya gwaje-gwaje masu tsada. Likitoci da dama suna ɗari-ɗari da hakan, kuma suna da dalili. Yawancin 'yan matan da suka balaga da wuri ba a samun wata cuta a tare da su, amma ga maza an fi samun musabbabi, kamar ƙari a ƙwaƙwalwa ko matsalar ƙullin da ke saman ƙoda. Shi ya sa ake ɗaukar hoton ƙashin hannun hagu don sanin shekarun ƙashi, a gwada jini, a kuma yi hoton ƙwaƙwalwa. Idan ba a kula ba, yaron yakan fi tsaransa tsawo da farko, sannan ƙasusuwansa su rufe da wuri ya tsaya gajere. Akwai allurai irin su leuprorelin da suke dakatar da balagar har lokacin da ya dace. Tsarin inshorar lafiya na bai-ɗaya da ƙasar ta shimfiɗa a 2002 ya sauƙaƙa wa iyalai marasa ƙarfi zuwa asibiti, sai dai ƙwararrun wannan fanni sun fi yawa a asibitocin jami'o'i na manyan birane kamar Bangkok, Chiang Mai, Khon Kaen da Hat Yai.

Lokacin annobar korona, asibitoci a Italiya da wasu ƙasashe sun ba da rahoton ƙaruwar yaran da ake kawowa da balagar wuri, aka danganta hakan da zaman gida, ƙarin nauyi da yawan kallon waya. Kusan duk 'yan mata ne.

A makaranta kuwa, yaro ɗan shekara goma da rabi yana aji huɗu ko biyar na firamare, wadda a Tailan ake kira Prathom. Dokar da aka kafa a 2016 don magance matsalar ɗaukar ciki a tsakanin matasa ta wajabta wa makarantu koyar da ilimin jiki da na zamantakewar jinsi daidai da shekarun ɗalibai. Alƙaluman Hat Yai suna nuna cewa idan aka jinkirta wannan darasi har sai an shiga sakandare, an makara ga yawancin yara maza, domin a shekara 12 rabinsu gashin mara ya riga ya fito musu. Ko a cikin aji ɗaya ma tazarar tana da faɗi: ana iya samun wanda ya fara yana ɗan shekara tara, da wanda sai ya haura sha biyu, kuma dukansu lafiyarsu lau. Wannan tazara tana fitowa fili a fagen damben Muay Thai, inda ake haɗa yara gwargwadon nauyinsu. Yara biyu masu nauyi ɗaya suna iya hawa dandali, ɗaya testosteron ya riga ya fara gina masa tsoka, ɗayan kuwa jikinsa na yarinta ne har yanzu.